Rabin Sirinji

A ƙauyen nan na bakin kogi, kudu da Abu Hujar, babu wanda bai haddace labarin yatsan Alhaji Sadisu ba. Ko jabana, wato gahawa, aka ɗora a gawayi, ko zaman makoki ake yi, da ya ɗaga hannunsa na hagu mai yatsu huɗu an san abin da zai biyo baya. Yana saurayi ya je tsinkar auduga wajen Manajil, waya ta tsarge masa yatsan tsakiya. A shafakanar can, wato ƙaramin asibiti, aka bar shi tsugune a rana, ana shigar da 'yan gari, shi kuwa ana cewa Bafallace, wato baƙo daga yamma, ya jira. Sai wani ma'aikacin jinya ya tausaya masa, ya cika sirinji taf da allurar kashe zafi, wadda a nan ake kira banj, ya zagaye gindin yatsan da ita, ya sake cikawa ya ƙara, har yatsan ya kumbura suntum. Aka ɗinke bai ji komai ba. Daga baya yatsan ya yi baƙi aka yanke shi, amma wannan laifin tsatsar waya ne, in ji Alhaji. Kullum da addu'a ɗaya yake rufewa: "Allah shi saka ma bawan Allah wanga da alheri. Shi ɗai yaɗ ɗauke ni mutum."

Hannatu da wannan labarin ta girma. 'Yar ƙanensa ce, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi kuma ya tsaya kai da fata sai da ta yi karatun aikin lafiya a Sinnar. A can ne, cikin aji, ta fahimci abin da mai yiwuwa ya cinye yatsan baffanta. Ta dawo gida ta karɓi shafakanar ƙauyen, ta ja bakinta ta yi gum. Wa zai ƙwace wa tsoho alherin da ya fi tunawa da shi a duniya?

Wata ranar kasuwa da hantsi aka shigo mata da Muhsina, 'yar Alhaji ta cikinsa. Tana warware wa mijinta igiyar ƙugiyoyin kamun kifi, wata babba ta shige yatsanta na nuni na dama har ƙayar bakin ta ɓace cikin nama. Muhsina kuwa ita ce mai zanen lallen amare tun daga nan har ƙauyukan gabas, da wannan yatsan take matsa ledar lalle. Ta shigo tana kuka, mahaifinta na biye da ita da sandarsa, bayansa kuma rabin 'yan kasuwa, don a ƙauyen nan ko kaza ce ta karye sai an yi mata rakiya.

Hannatu ta zaunar da ita, ta cire mata zobe, ta wanke hannun, ta tambaye ta ko allurar banj ta taɓa yi mata illa. Sannan ta zuƙi maganin, ɗan abin da ko ƙaramin cokalin shayi ba zai cika ba. Ta soka a gefe ɗaya na gindin yatsan, ta ɗan ja baya ta ga ba jini, ta tura a hankali. Ta yi haka a ɗaya gefen, ta ajiye sirinjin.

"Halas?" in ji Alhaji. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa. Sai mu jira shi kama."

"Rabin sirinji na gani da idona."

"Shi na daidai da yatsa."

Muhsina ta ɗan motsa hannun, ƙugiyar ta taɓa gefen tebur, ta ƙwalla ƙara. "Yaya, wallahi ina ji! Ina ji!"

Nan fa Alhaji ya hau. Ya buga sanda a ƙasa har kwalaben magani suka girgiza. "Ke Hannatu! Abin da anka yi muna a asibitocin Larabawa, shi za ki yi ma ƙanwarki? Rabin magani? Mu Fallata rabi munka cancanta ko? Cika abin nan ki ƙara mata!"

Mutanen da ke bakin taga suka amsa masa. Wata tsohuwa ta ce ai allura in ba ta cika ba, ba ta aiki. Wani ya ce ko dai ɓoye sauran take yi wa manya. Maganar ta yi wa Hannatu zafi ƙwarai, don fuskokin da suka san ta tun tana rarrafe ne. Amma ta ɗauki kwalbar banj ta jefa a aljihun farar rigarta.

"Ba ni ƙarawa, Baffa."

"Mi kika ce?"

"Na ce ba ni ƙarawa. Yatsa ba cinya ba ta, babu wuri cikinshi. Jijiyoyin jininshi kamar zare suke. In na ɗura mishi ruwa fiye da ƙima, ruwan zai matse su, jini shi tsaya. Abin da na sa ya isa, lokaci kawai yake so."

"Karatu! Ni na kai ki karatun ga!" Ya ɗaga hannunsa na hagu sama yadda kowa zai gani. "Mutumin da bai san ni ba, ba ƙabilata ba, ya cika min sirinji har sau biyu, ya zagaye yatsana kaf. Ke kuwa jinina..."

Shekara da shekaru tana haɗiye maganar nan. Ta dubi Muhsina, ta dubi yatsan da ƙugiya ke lilo a jikinsa, sai ta ga ba ta da inda za ta sake haɗiye ta.

"To ina yatsan, Baffa?"

Har masu leƙe ta taga suka ja da baya.

"Tsatsa ta," ya ce, amma muryar ta sauka.

"Wataƙila. Ban kasance wurin ba, ba ni rantsuwa. Amma kai da bakinka kake cewa ya kumbura suntum, ya yi fari, ya yi sanyi tun kana hanya. Tsatsa ba ta wannan aikin cikin yini guda. Mutumin ya so ka da alheri, na yarda. Sai dai ni ba ni yi ma Muhsina irin alherin nan, ko za ka kore ni daga gidanka yau."

Alhaji ya sauke hannunsa. Ya tsaya riƙe da sanda, bakinsa na motsi ba sauti. Tausayinsa ya kama Hannatu har idonta ya ciko, ta ji kamar ta durƙusa ta ba shi haƙuri, amma ta juya masa baya ta ja kujera.

Ta ɗauki tsinin allura ta taɓa kan yatsan Muhsina. "Kina ji?"

Muhsina ta sharce hawaye. "Ina jin kina taɓawa, amma ba zafi."

"Tamam. Dubi bango."

Ta tura ƙugiyar gaba har ƙayar ta huda fata ta fito, ta datse ta da filaya, ta zare sauran ta inda ta shiga. Muhsina na can tana kallon bango tana jiran azaba, sai ƙarar ƙarfe ta ji a cikin tasa. Hannatu ta wanke raunin sosai, ta yi mata allurar rigakafin sandarewar jiki a dantse.

Lalle ya rine kan yatsun Muhsina baƙi wuluk, ba a ganin launin fata. Sai a gindin farce, inda sabo ya tsiro fari, nan Hannatu ta danna ta saki. Wurin ya yi fari, nan take ya koma ja.

Ba ta ji matsowarsa ba, sai ganin hannun nan mai yatsu huɗu ta yi ya kama hannun 'yarsa. Alhaji ya danna gindin farcen da kansa, ya saki, ya ga jinin ya dawo. Ya sake dannawa. Ya taɓa yatsan da bayan hannunsa ya ji ɗuminsa, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fita, bai dubi Hannatu ba.

Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Ita kuma ba ta fasa zuwa gaishe shi ba, ba ta kuma janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar sunan jikan maƙwabcinsu, maza na zaune a rumfa ana zuba jabana, Muhsina na can ciki tana zana wa mai jego lalle da yatsan nan. Hannatu ta zo wucewa da tiren kofuna, sai ta ji wani baƙo daga Kamlin yana tambayar Alhaji abin da ya sami hannunsa. Ta rage tafiya.

Alhaji ya dubi gurbin yatsan. Mutane suka gyara zama, suna jiran auduga da waya da rana.

"Wani bawan Allah na yat tausaya min," ya ce. "Allah shi gafarta mishi."

Bai ƙara komai ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofi daga tiren Hannatu.