Tukwicin Bibi Mahtab

Wayar tana yawo daga hannu zuwa hannu a tsakar gidan Bibi Mahtab lokacin da na shigo da butar shayi. Mata sun kai goma, kowace na cewa a ba ta ta gani. Saƙo ne daga Delhi. An yi wa Marziya aiki, awa bakwai cur, an kafa mata sanduna biyu na ƙarfe a ƙashin baya, ta farka har ta motsa yatsun ƙafa. Feroza, uwar yarinyar, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Matar mai gurasa ta ce yanzu sai a kiyaye, kada maƙera su gan ta su yi ciniki.

Duk unguwarmu a Andkhoy an san bayan nan. Marziya na da shekara goma sha ɗaya kafaɗarta ta dama ta fara tashi, ƙugu ya karkace. Shekara biyu tana sanye da rigar roba mai tauri, bayan bai fasa lanƙwasa ba. Likita a Mazar ya ce in aka bari haƙarƙari zai danne huhu. Bibi, kakarta, ta fi kowa gane maganar, don nata bayan ma haka ya fara, ga shi ya naɗe ta har numfashi sai da dabara. Ita ta tsaya kai da fata ɗanta Kayum ya kai yarinyar Delhi, ta ce duk abin da ya faru a wuyanta. Tun ranar da suka tafi ba ta sake tashi daga katifa ba.

Muka dunguma ɗakinta. A bakin ƙofa kowa ya sassauta murya, yadda ake yi wa mara lafiya. Feroza ta durƙusa ta ce a hankali an gama, komai lafiya.

Bibi ta juya fuska bango.

"Haka kuka ce min da mijina ya rasu a Shibarghan," in ji ta. "Kwana uku kuna ba ni shayi, wai yana samun sauƙi."

Ba wadda ta musa, don a wajenmu ba a kai wa majinyaci mugun labari. Aka nuna mata hoton ƙashin, ta ce ƙashi ne, na kowa ma haka yake. Aka kira Delhi, Marziya na barcin magani, sai muryar Kayum. Ta ce ai shi ma ɗan unguwar nan ne. Ta ture kofin ruwa, ta rufe ido.

Shekara ashirin ina zaune gefenta muna saƙar darduma, tana magana ina saurare, don haka na san abin da take jira. Duk cikinmu ba wadda ta nemi komai a hannunta. Mai kawo labarin alheri ba ya raɗa, tare ƙofa yake yi sai an biya shi, kuma ba a cin tukwici a kan ƙarya.

Na fice har titi, na buga ƙyaure da ƙarfi, na shigo a guje, ni da muryata ba ta taɓa ƙetare katanga ba.

"Albishirinki, Bibi! Ba na faɗa sai kin biya."

Ta juyo da ƙyar.

"Ke Sadika, aljanu ne suka taɓa ki?"

"Tukwicina tukuna. Kuma ba na karɓar alewa."

Ta ce, "Za ki ci na ƙarya, 'yar nan?"

"Kin taɓa ji na ci?"

Sai ta ce Feroza ta buɗe akwati ta ɗauko kallabin siliki mai ruwan rumman. Ta damƙa min da hannunta, ta ce to faɗi. Na karɓi wayar na karanta saƙon kalma kalma, yadda karatuna yake, ba wadda ta gaggauta ni. Da na zo kan yatsun ƙafa ta ce in maimaita.

Gida ya kaure. Bibi ta nemi shayi mai zafi, ta sha kofi biyu. Ta yi wa Feroza faɗa don ba ta ɗora shinkafa ba, ta ce a sa karas da zabibi kamar na biki, a aika wa kowane gida. Ta ce wanda duk ya auri mai ƙarfe a baya ya shiga uku, don ba za ta rusuna masa ba. Tana dariya tari na sarƙe ta, tana ɗaga mana hannu kada mu daina.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, ta cika a kwance kan gefenta na dama.

Marziya ta dawo bayan mako uku. Sai da suka shigo gari ubanta ya faɗa mata. Ta ƙara tsawo da kusan yatsu huɗu, rigarta ta ɗage daga idon sawu. Ba ta tsaya gaisawa ba, ta nufi ɗakin kakarta. Ƙofar gajera ce, ita kuwa an hana ta sunkuyawa. Ta dafa bango, ta lanƙwasa gwiwoyi, bayanta a miƙe, ta shiga.