Kunun Saukar Khaulah

Geron da ya rage a gidan Sharif da Raudatu a unguwar Sri Petaling ta Kuala Lumpur bai wuce na tukunya ɗaya ba. Daga Kano aka zo da shi a akwati, kuma babu wanda ake sa ran zuwansa kafin Sallah. Da shi Raudatu ta yi wa maƙwabciyarta Bilqis alkawarin kunun zaƙi na walimar saukar Khaulah, 'yar Bilqis ɗin, ranar Asabar.

Matsalar ita ce hucewa. Sai dafaffiyar gasara ta huce ake zuba mata ɗanyar, wadda aka markaɗa da dankali da tsiron shinkafa. Ita ke tsinka kunun, ta ba shi zaƙi. A zafin Kuala Lumpur babbar tukunya kan wuni ba ta huce ba.

Sharif, wanda ke digiri na uku a fannin injiniya, ya ce zai gyara. Ya sayo bututun jan ƙarfe wajen masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Sentul, ya naɗe shi zobe kan zobe a matse, ya haɗa masa tiyo. Ruwan famfo zai shiga ta nan, ya kwashi zafi, ya fita ta can.

"A ina ka ga wannan?" in ji Raudatu.

"Masu dafa giya a gida da shi suke hucar da ruwan hatsinsu."

"Giya? A kunun saukar Alƙur'ani?"

"Sabon ƙarfe ne, Maman Hanan. Dabarar kawai na ara. Boleh lah, in ji mutanen garin nan, wato zai yiwu."

Da la'asar ɗin Juma'a aka tsoma shi a tukunya. Ba a jima ba Raudatu ta sa yatsa a gefen bututun, yadda ta saba gwadawa, ta ji sanyi. Ta cire bututun, ta juye ɗanyar gasarar gaba ɗaya, ta kai muciya ƙasa. Tururi ya bugi fuskarta. Tsakiyar tukunyar kamar yanzu aka sauke ta daga wuta.

Ta rufe tukunyar.

Da safe kunun bai tsinke ba. Ludayi ya tsaya a cikinsa cak. Babu zaƙi, sai ɗanɗanon koko marar sukari.

"Zo ka ga digirinka," ta ce.

Sharif ya leƙa. "Na gane abin da ya faru. Ruwan hatsinsu tsinkakke ne, yana yawo da kansa. Gasara kauri gare ta. Wadda ta taɓa ƙarfen ta yi sanyi ta manne, ta tare wa sauran hanya. Ga zoben sun matsu da yawa. Ruwan famfon ma ɗumi ne."

"Yau ka san duk wannan?"

"Ai da kin juya kafin ki gwada."

"Da me zan juya? Ƙarfenka ya cika tukunyar, muciya ba ta da wurin shiga!"

"Da kin tambaye ni."

"Ka ce in yatsa ya ji sanyi shi ke nan. Ko ba ka faɗa ba?"

Ya faɗa. Bai musa ba.

Ta ɗebi kaɗan a kofi, ta ƙara ruwa da sukari, ta tace, ta kurɓa. Ta zubar a wurin wanke-wanke. Duk matan da za su zo sun san kunun zaƙi, wasunsu sun shekara ba su sha ba, kuma Bilqis ta riga ta sanar da su.

"In na buɗa tazarar zoben, na bi da tiyon ta cikin bokitin ƙanƙara..." Sharif ya fara.

"Ka hucar da me? Ruwan wanka? Gero ya ƙare, Malam."

Wayarta ta yi ƙara. Bilqis ce, tana tambaya ko ta aiko da kuloli yanzu.

"Kada ki aiko, Maman Khaulah," in ji Raudatu. "Babu kunu. Ga Baban Hanan, shi zai yi miki bayani."

Ta ajiye masa wayar a tafin hannu, ta shige ɗaki.