Ta Ce Ba Zan Iya Ba

Ranar da Mama Chundung za ta iso daga Jos, abu na farko da Chuwang ya yi shi ne ya sauke takardar asalin karyar da yake kiwo daga bangon falo, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Matarsa Selina tana zaune tana shayar da jaririyarsu, ta bi shi da ido.

"Kai da ke nuna wa baƙo takardar nan tun kafin ka ba shi ruwa, yau kuma lafiya?"

"Ƙura ta yi," in ji shi.

Ina ƙura! Tsiya ce ya shuka shekara biyu da suka wuce, yau take neman tsirowa.

Asalin maganar tun 1979 ne. Lokacin Chuwang yana tuƙa tasi a Washington yana haɗawa da karatu, ya tura kawunnansa Bukuru neman auren Selina. Mama Chundung, mahaifiyar Selina, hedimistires ta shekara talatin, ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Wannan yaron ba zai iya ba." Aka yi auren ba da ita ba. Shekara takwas wasiƙunta na zuwa da sunan Selina kaɗai, a ƙarshen kowace sai ta rubuta, "Ki gai da wanda kike zaune da shi."

Yanzu ga Chuwang injiniya, ga gida nasa na kansa a garin Bowie kusa da Washington, ga haihuwa bayan dogon jira. Selina kuwa ta rantse sunan yarinyar nan daga bakin mahaifiyarta zai fito, ko kuwa ta zauna a Bebi har ta yi furfura. Asibiti sun bugo waya neman sunan har sun gaji. Ranar Lahadi za a miƙa jaririya a coci. In Mama ta raɗa suna, gaba ta ƙare. In ta ƙi, Chuwang ya san Selina ba za ta taɓa warkewa daga wannan ba, shi ma haka, ko da yake ba zai faɗa ba.

To, ita karyar fa? A wajen wata tsohuwar Baturiya ya samo ta, Edna, mai kiwon karnuka 'yan asali a gonarta can bayan garin Manassas. Edna ta shimfiɗa masa takardar da ta jera kakannin 'yar kwikwiyar har bakwai. Chuwang da nasa lissafin ya tsaya a kaka na uku, sai ya ji ya fara girmama dabbar.

Edna ta yi masa bayani cewa kare irin wannan suna biyu gare shi. Akwai na takarda, dogo, wanda ake farawa da sunan gonar da aka haife shi, in an yi masa rajista kuma ya zauna ke nan har abada. Akwai na kira, wanda masu gida ke yankowa yadda suka ga dama. Ita kuma dokarta, kowace haihuwa da harafin da sunan da ke bin na gonar zai fara da shi, wannan karon kan T aka faɗo.

"Ka ba ta na harshenku," in ji Edna. "Ban taɓa samun irinsa ba."

Abin da baiwar Allah ba ta sani ba, a inda Chuwang ya tashi sunan kare saƙo ne. In maƙwabci ya ɓata maka rai ba sai ka kai ƙara ba. Ka nemo ɗan kwikwiyo ka sa masa Bar-su-su-ce ko Ina-ruwanku, kullum da safe ka tsaya jikin danga ka ƙwala masa kira. Mai abin ya ji abinsa, kuma ba shi da bakin magana, ai da kare ake.

Chuwang ya dubi harafin T, harafin T ya dube shi. Ni dai ban ce Shaiɗan ne ba, amma biro ya yi tafiya da kansa. Gurbi ashirin da biyar ne a takardar, kowane gurbi harafi ɗaya. Sunan gonar, Larkhollow, ya cinye goma, tazara ta ci ɗaya. Ya rubuta Tacebazaniyaba, yana shirin ƙarasawa da "to ga shi", sai ya ga gurabe sun ƙare. Ya ji haushi ƙwarai, don nan ne daɗin maganar yake.

"Me yake nufi?" in ji Edna.

"Albarkar surukata," in ji Chuwang, ko ido bai ƙifta ba.

Tsohuwa ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta sa shi ya yi ta maimaitawa har sunan ya zauna a bakinta daram.

A gida ya ce sunanta Taci, kuma karyar ta rufa masa asiri, don a makon farko ta ci takalminsa na zuwa coci. Selina da ke wuni tana karanta sunayen magunguna a asibiti ba ta taɓa tsayawa rarraba wancan dogon rubutu mai lanƙwasa ba. Amma hedimistires? Wannan ko kalanda ta gani a bango sai ta duba ko an yi kuskure.

Mama ta iso ranar Alhamis. Chuwang ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ya hanya?"

"Lafiya," ta ce, tana kallon labule.

Ta ɗauki jikarta ta daɗe tana dubanta. Taci ta zo tana kaɗa wutsiya ta kwanta a ƙafarta.

"Wannan kuma a cikin ɗaki take kwana? Ya sunanta?"

"Taci, Mama."

"Ta ci me?"

"Takalmina."

Gefen bakin Mama ya ɗan motsa. Chuwang ya ji kamar an ɗaura masa lambar yabo. Ranar Juma'a ta ci tuwon da ya tuƙa da hannunsa, ta ce gishirin miyar bai yi yawa ba. Ya shiga kicin ya yi 'yar rawa shi kaɗai.

Ranar Asabar da hantsi aka danna ƙararrawa. Ya buɗe, sai ga Edna da bargon jarirai da ta saƙa, tana murmushi har kunne. Ya yi ƙoƙarin tsayar da ita a bakin ƙofa da zancen cunkoson hanya, amma Taci ta riga ta ji muryar uwar goyonta, ta yi tsalle ta ja ta ciki.

"Wannan mahaifiyata ce," in ji Selina da Turanci.

Edna ta saki bargo ta kama hannun Mama biyu.

"Ashe ke ce! Shekara biyu ina son ganinki. Kin san irin son da surukinki yake miki? Don ke ya sa wa karyar nan suna!"

A wajen Edna babu karramawar da ta fi wannan. A wajen Mama, wadda Turancinta ya fi na Chuwang tsabta, an dai ce an haɗa ta da karya. Ta gyara zaman tabarau.

"Don ni? Taci?"

"A'a, wannan na kira ne. Na takarda nake nufi. Tsaya ki ji, na iya." Edna ta miƙe tsaye, ta share murya, ta rangaɗa shi da Hausa tas, kamar a Bukuru aka yanke mata cibiya: "Ta ce ba zan iya ba!"

Taci ta yi haushi ɗaya, ta amsa sunanta.

Wayyo Chuwang. Ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Bowie kuwa kafet ne a kanta. Selina ta dube shi, kallon da ya fi mari zafi, hawaye na taruwa a idonta. Mama ta yi wa Edna godiya cikin ladabi, ta yaba saƙar bargon, ta sa aka ba ta shayi, ta raka ta har mota. Da ta dawo ta zauna ta miƙa hannu.

"Kawo takardar."

Ya je ya zaro ta daga ƙarƙashin katifa. Mama ta bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan magana ba ta cika ba. Wuri ne ya ƙare maka. Me ya rage?"

"Mama, don Allah ki yi haƙuri, ƙuruciya ce..."

"Tambayarka na yi."

Ya sunkuyar da kai. "To ga shi."

"Hmm." Ta ajiye takardar a cinya. "Selina, kin tuna karena da nake ba ki labarinsa a wasiƙa?"

"Za-mu-gani?" Selina ta tsaya cak, ta rufe baki da hannu. "Mama!"

"Ranar da hoton aurenku ya iso na samo shi. Shekara takwas ina kiransa safe da yamma, da ƙarfi, don gidan Dung, kawun mijinki, na bayan namu." Ta juyo ga Chuwang. "Kana tsammani kai ka fara? Da damina ya mutu. Ban nemi wani ba, na ce gara in zo da idona."

Ta tashi ta nufi ɗakinta. Selina ta bi ta da tambaya: "Mama, gobe fa?"

"Gobe ma za mu gani."

Ranar Lahadi Chuwang ya tsaya gaban jama'a cikin kwat, gumi na bin bayansa. Mama ce riƙe da jaririya. Fasto ya yi addu'a, ya tambayi sunan yarinya. Mama ta gyara mata hula. Ta gyara bargon Edna. Ta ciro hankici ta goge mata baki, bakin da ba komai a kansa. Wani ya yi tari a baya. Selina ta damƙe hannun mijinta har ya ji ƙashi.

"Godiya," in ji Mama. "Sunanta Godiya."

Coci ta ɗauki guɗa. Mama ta juyo, ta dubi Chuwang ido cikin ido, karo na farko tun da ta sauka, ta ɗora masa yarinyar a hannu.

"To, ga ta, ɗana."

Injiniya guda, gaban mutane, ya fashe da kuka har kafaɗunsa na girgiza. Mama ta tallafo gwiwar hannunsa da sauri.

"Kai, riƙe ta da kyau! Kada ka sa in sake cewa."