Ban San Shi Ba

Mai walda yana tsugune yana liƙa ƙofar wata tifa lokacin da direbanta ya miƙo masa waya yana dariya.

"Maigida, kalli wannan. Namiji guda, sai lanƙwasa yake kamar ba ƙashi a jikinsa."

Ya cire baƙin gilashinsa ya duba. Ɗan gajeren fim ne na wata makarantar koyon rawa: yaro ba takalmi, yana juyi a kan ƙafa ɗaya. Autansa ne, wanda kullum da yamma yake cewa ya tafi ƙarin darasi, wanda yake ta shirin danƙa wa shagon nan.

Karen motar ya leƙo, shi ma ya kwashe da dariya. "Wallahi har ya so ya yi kama da kai."

"Ban san shi ba," in ji mai walda. "Ko ɗan waye, ubansa ya yi asara."

Bai rufe baki ba ya ga mutum a ƙofar shago. Auta ne riƙe da kwanon abinci, hular sanyi ta rufe masa goshi. Ya ajiye kwanon a kan benci, kansa a ƙasa.

"An ce in kawo maka, Malam."

Malam, ba Baba ba. Yaron ya rufa masa asiri ya juya. Abincin nan har ya huce bai iya buɗe shi ba.

A gida ya tambayi matarsa ko ta sani.

"Na sani. Shi ma ya so ya faɗa maka, ka ce kada ya kawo maka shashanci."

Washegari ya rufe shago da wuri. Matarsa ta kwatanta masa makarantar, tana saman wani kantin magani. Ya hau benen da rigar aikinsa duk hujin tartsatsi, ya tsaya a tsakanin takalman yara a bakin ƙofa.

Malamar rawar ta fito. "Wa kake nema, Baba?"

Ya nuna da hannu. "Ɗana. Wancan na tsakiya."

Auta ya hango shi ta madubi, ƙafarsa ta kuskure, ya gyara ya ci gaba. Bai zo ya gaishe shi ba. Mai walda ya zauna a kan wata 'yar kujera har aka tashi.

Tare suka koma gida, yaron a gaba, shi a baya yana neman kalmar da zai fara da ita.