Ciyawar Gidan Alhaji Zailani

Shekara uku da fara shari'ar Musulunci a Jihar Katsina, Alhaji Zailani ya gama ginin gidansa a bakin garin Daura, kan hanyar Zango. Ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa Kaduna, kuma a can ya ga gidajen da aka shimfiɗa wa koriyar ciyawa tun daga ƙofa har bakin baranda. Ya sa aka kawo masa irinta a mota, ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida, sannan ya nemi wanda zai kula da ita. Aka haɗa shi da Kalilu, dattijon da ya yi shekara ashirin yana noman rani kafin ciwon baya ya raba shi da fadama. Gidan Kalilu yana cikin unguwar, bayan masallaci.

Aikin ya karɓi Kalilu. Ya baje taki, ya dasa ciyawar layi-layi, ya zagaye ta da furanni, ya jera dabino huɗu a jikin katanga. Da damina babu wata wahala. Amma da bazara ta kama, ƙasar ta koma kamar rariya. In ya ba da ruwa da asuba, kafin hantsi ciyawar ta fara lanƙwashewa. Dole ya koma shayarwa sau uku a rana, injin burtsatsen yana ruri, ana cika tanki sau huɗu.

A watan ne rijiyar ƙofar masallaci, wadda unguwar duka ke sha, ta fara ja da baya. Aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa, har ya koma fitowa da taɓo. Kubura, matar Kalilu, ta shiga sayen ruwa wurin 'yan garuwa kamar kowa. In ya dawo da yamma da jiƙaƙƙen wando takan dube shi ta kawar da kai. A masallaci kuwa, mutanen da ya saba tsayawa gaisawa da su suka koma miƙa masa hannu a gaggauce.

Malam Sada, limamin unguwa, ya je wurin Alhaji sau biyu tare da mai unguwa. Alhaji ya ce rijiyarsa tana cikin filinsa, kuma fari ne ya ƙafar da tasu. Da magana ta ƙi ƙarewa, mutanen unguwa suka kai ƙara gaban alƙali. Ranar Litinin aka kawo sammaci biyu, ɗaya na Alhaji, ɗaya na Kalilu a matsayin shaida.

Da la'asar Alhaji ya sami Kalilu yana riƙe da tiyo. Ya yi masa bayani cikin natsuwa cewa shi zai faɗa wa kotu sau ɗaya ake kunna inji a rana, don amfanin gida, abin da ya rage ake zuba wa ciyawa.

"Haka kai ma za ka ce, Malam Kalilu," in ji shi. "Ba wani abu ba ne. Kalma ɗaya ce."

Kalilu ya ce, "Alhaji, in aka ce in rantse da Alƙur'ani fa?"

Alhaji ya dube shi, ya ce ba za a kai ga haka ba, ya shige ciki.

Kwana biyu Kalilu bai ci abincin kirki ba. Aikin nan shi ke riƙe da gidansa, kuma bayansa ba zai sake ɗaukar fartanya ba. Alhaji bai taɓa wulaƙanta shi ba. Lokacin da Kubura ta kwanta rashin lafiya, motarsa ce ta kai ta asibiti. Amma ƙarar injin kowa yana jin ta daga masallaci, kuma shi ne mai kunna shi da hannunsa. Ya yi tunanin ya tafi Mai'adua wurin ƙanensa har a gama shari'ar, sai ya tuna sammacin da sunansa ya zo.

Ranar Laraba kotu ta cika. Malam Sada ya yi nasa bayani, ya kawo guga da taɓon da ke ciki ya ajiye a gaban alƙali. Alhaji ya faɗi abin da ya ce zai faɗa, bai ɗaga murya ba. Sannan magatakarda ya kira sunan Kalilu. Ya fito ya durƙusa. Ta gefen ido yana ganin farar rigar Alhaji, a bayansa kuma yana jin numfashin maƙwabtansa.

Alƙalin tsoho ne mai magana a hankali. Ya tambaye shi sana'arsa da tsawon zamansa a gidan, ya tunatar da shi nauyin shaidar zur, sannan ya tambaye shi sau nawa ake kunna inji a rana.

Kalilu ya sunkuyar da kai. Alƙali ya jira, bai maimaita tambayar ba.

"Allah ya gafarta malam," in ji Kalilu a ƙarshe, "sau huɗu. Tun shigowar bazara sau huɗu ne. Ni nake kunnawa."

Aka yi ɗan guna-guni, ɗan sanda ya tsawatar. Alƙali ya tambaya ko mutanen gidan ke shanye wannan ruwa. Kalilu ya ce a'a, tanki ɗaya yana isar gida, ukun na ciyawa ne. Ya ƙara da cewa shi bai san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, ba zai iya rantsewa injin ne ya janye rijiyar ba. Abin da ya sani kawai, a watan da ya ƙara shayarwa ne ruwan ya soma yin ƙasa.

Alƙali bai tozarta Alhaji ba. Ya ce ƙishirwar mutum da ta dabba tana gaba da ta ciyawa, ya nemi a yi sulhu. Aka tsaya kan cewa za a riƙa cika tanki sau biyu, kuma Alhaji zai fito da famfo ɗaya waje ta jikin katanga har ruwan sama ya sauka. Alhaji ya amince, ya sa hannu, ya fita bai waiwaya ba. Motar Alhaji, wadda ta kawo Kalilu, ta tafi ta bar shi, ya tako da ƙafa cikin rana.

Washegari ya je aiki kamar kullum. Maigadi ya tare shi a ƙofa cikin jin nauyi, ya miƙo masa almakashinsa na aske furanni da tsohuwar hularsa, ya ce Alhaji ya ce ya huta. Ta tsakanin ƙofar Kalilu ya hango dabinon, ya roƙi maigadi ya riƙa zuba musu ko bokiti ɗaya ne duk bayan kwana biyu, a gindi, ba a kan ganye ba.

An saka famfon ranar Juma'a. Wasu a unguwar sun zo har gida sun yi wa Kalilu godiya, wasu kuma sun ci gaba da cewa ai shi ya riƙe tiyon wata biyu yana kallonsu. Ya yi mako uku a zaune. Daga nan ƙanensa ya aiko cewa wani dillalin shanu a Mai'adua yana neman wanda zai dasa masa itatuwan inuwa a sabon gida. Kubura ta ɗaure masa kayansa a buhu, ya hau motar kasuwa ranar Lahadi da safe.