Jajayen Katunan Dominga

Kujerar da aka ba Candelaria ta yara ce, gwiwoyinta sun kusa taɓa ƙirjinta. Daga masana'antar nama ta taho kai tsaye, tana jin ƙarni a jikin rigarta. Ta ja kujerar baya kaɗan don kada malamar ta ji.

Malama Hruska, mai koyar da ajin 'yarta Dominga, ta jera katuna a kan tebur, koraye uku, jajaye huɗu. Ta yi magana da Turanci a hankali, sannan ta dubi Petrona.

Petrona mai dafa abinci ce a makarantar. Ƙauyensu ɗaya da Candelaria a duwatsun Guatemala, kuma ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ke jin harshen ƙabilarsu. Daga kicin aka kira ta, ko ragar kanta ba ta cire ba.

"Ta ce kullum tana sa miki takarda a jakar yarinya. Kina sa hannu, amma ba ki taɓa ba ta amsa ba."

"Ai ina sa hannun," in ji Candelaria.

"A kan abin da ba ki karanta ba? Wata rana sai ki sa hannu a ƙwace miki gida, ƙanwata."

"Da Sifaniyanci suke rubutowa, Yaya, ba da harshenmu ba. Aji biyu na yi, kin sani."

Malamar ta ɗora yatsa a kan jajayen katunan, ta ci gaba.

"Ta ce jan kati na rashin ladabi ne," in ji Petrona. "In Dominga ta samu na biyar, za a fitar da ita daga ajin nan, a kai ta ɗakin da ake zaunar da masu taurin kai."

Shekara biyu suka yi a wannan gari na jihar Nebraska kafin Dominga ta samu ƙawa, guda ɗaya tak, kuma a ajin nan take. Mijin Candelaria yana jihar Texas yana aikin rufin gidaje. Ita kanta, in ba Petrona ba, babu wanda take gaisawa da shi fiye da ɗaga hannu.

"Me ta yi? Duka ta yi? Ko ta ɗauki kayan wani?"

Petrona ta tambaya, ta saurara, sai ta kama baki.

"Wai in Malama tana mata magana sai yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce mata, dube ni, ta ƙi. Ta sake faɗa, ta ƙi. Yanzu sauran yaran sun mai da abin wasa. Da an yi musu faɗa sai su zuba wa ƙasa ido suna dariya, ajin ya gagare ta."

Candelaria ta jira a faɗi laifin. Ba a ƙara komai ba.

"Ni na koya mata," ta ce. "Yaro ya tsare babba da ido? Da kakata ce, da ludayi za ta bi ta."

"Can kenan. Nan in ba ki kalli idon mutum ba, ko maƙaryaciya ce ke ko mai raini. Ni sai da na shekara biyu kafin na iya kallon shugaban kicin, shi ma gashin hancinsa nake kallo."

Petrona ta juya ta yi wa malamar bayani da Turancinta mai tsalle-tsalle. Candelaria ta ji ana kallonta, sai ta ƙara sunkuyawa, domin tun shigowarta ba ta ɗaga ido daga ƙafar teburin ba. Ta ga hannun malamar ya tattara jajayen katunan ya jefa a kwandon shara.

"Ta ce ki yi haƙuri, ba ta sani ba. Daga yau waya za ta riƙa yi miki, ni in fassara. Kin ga an ƙara mini aiki ba a tambaye ni ba."

A bakin ƙofa Petrona ta riƙo hannunta.

"Wannan ta gane. Malamar baɗi fa? Likita fa? Ranar da za ta nemi aiki fa? Ki koya mata, ƙanwata."

Da yamma Candelaria tana gasa gurasar masara, ta kira Dominga.

"Tsaya nan. Dube ni."

Yarinyar ta kafa ido a kan safarta. "Mama, laifi na yi?"

"Ba ki yi ba. Dube ni, na ce. Cikin ido."

Dominga ta ɗago har wuyan uwarta, ta tsaya. Ta ɗago har baki. Sannan ta kalle ta sosai, ba ƙiftawa, kamar yadda yaran garin ke kallon iyayensu a kanti. Shekararta takwas, kuma tun da ta yi wayo ba su taɓa haɗa ido haka ba.

Candelaria ce ta fara kau da kai.

"Na yi daidai?" in ji Dominga.

"Kin yi. Gobe haka za ki yi wa Malama."

"A gida fa, Mama?"

Candelaria ta juya gurasar a kan kasko, duk da ba ta isa juyawa ba.