Kwalbar Maganin Inna

Kafinta ne, kuma shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka har furfura ta fara leƙo masa a gemu ba a daina ce masa Auta ba. Shekarun baya ya faɗo daga kan wani rufi yana ɗora katako, bayansa ya bugu. Wani abokin aikinsa da ake kira Gajere ya miƙo masa ƙwayar tiramol, ya ce ya haɗiya ya ga aiki. Ya haɗiya, ya kuwa ga aiki. Bayan nasa ya warke, amma ƙwayar ta ƙi sakinsa. Sai da ta cinye masa injin yankan katako, ta kusa cinye aurensa, sannan ya yakice ta da ƙyar, yana amai da rawar jiki a ɗakin mahaifiyarsa, ita kuma tana share masa gumi da gefen zaninta.

Yanzu kuma Inna ce a kwance. Ciwon daji ya fara mata daga nono, ya gangara ƙashi. Mace ce mai dauriya, wadda ko ƙonewa ta yi a murhu sai dai ta hura wurin ta ci gaba da aikinta. Amma yanzu zanin gado kawai za a ja, sai ta ƙwalla ƙara har maƙwabta su leƙo. Ba barci, ba cin abinci.

Likitar da ke duba ta ta kira Auta gefe, ta ce masa magana ta wuce tiyata, abin da ya rage shi ne a sauke mata raɗaɗin. Ta rubuta masa mofin.

"Na ruwa ne, a kwalba," in ji ta. "Shi ne maganin irin wannan ciwo. Sai dai ban yi maka alkawarin za ka samu ba."

A tagar ɗakin magani na asibitin, mutumin da ke ciki ya duba takardar ya turo masa abarsa.

"Mun daɗe rabonmu da shi. Wa zai ajiye? Ka ajiye a sace, kai za a kama."

Haka ya yi ta yawo, daga wannan asibiti zuwa wancan, daga kemis zuwa kemis. Wani ya ce bai taɓa gani ba, wani ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi ya ce su ba sa irin wannan harka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, a hanyarsa ta komawa gida yana wuce rumfuna da ya san ko yaro aka aika zai dawo da tiramol cike da aljihu. Mai lafiya na samun abin da zai kashe kansa a bakin titi, mai ciwo kuma an ce ana tsoron ba ta nata.

Gajere ya ji labari, ya same shi a shago yana goge ƙofa. Ya rame, idanu sun yi ja, amma bakin yana nan. Ya ajiye masa ƙwayar tiramol a kan benci.

"Kai ma da wahalar da kai kake! Ga abu a kowane lungu. Ka jiƙa mata biyu a shayi, ta yi barci kamar jaririya."

"Ka san abin da ke cikinta?" Auta ya tambaye shi.

"Magani mana."

"Ni na sha, na sani. Wata rana alli ce, wata rana ta kayar da doki. Ba zan sa uwata a caca ba. Ɗauke abarka daga kan bencina."

Gajere ya ɗauke, yana dariya yana cewa ashe an zama malam.

Likitar ce ta bugo masa waya daga baya. Ta ce akwai wani ƙaramin asibiti can bayan gari da ke kula da masu ciwon da ba ya warkewa, ta ji suna haɗa maganin da kansu. Da ya gaya wa yayarsa, wadda malamar makaranta ce kuma ita ke yanke magana a gidan tun rasuwar mahaifinsu, sai ta miƙe tsaye.

"Mofin? Ai wannan shi ne babban yayan ƙwayar da ta kusa kai ka kabari! Shi za ka shigo da shi gidan da kake kwana? Ba da ni ba."

Bai ja da ita ba. Da gari ya waye ya rufe shago, ya shiga mota, ya sauka, ya sake shiga wata, sauran ya ƙarasa a ƙafa. Asibitin ɗan gini ne mai baranda, da benci biyu da famfo a tsakar gida. Mai haɗa maganin dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta karanta takardar likita a hankali, ta tambaye shi yadda ciwon yake, da inda ya fi tsananta, da wanda ke kwana da mara lafiyar. Yana hango kwalaben a bayanta, jere cikin kabad mai gilashi. Sai ta ɗago kai.

"A gidan akwai wanda ya taɓa shaye-shayen ƙwaya?"

Matar nan ba ta san shi ba, ba ta san unguwarsu ba. A'a kawai zai ce, ya kama hanya da kwalba a jaka. Ya dubi hannuwansa, duk kanta da tabon guduma.

"Akwai," ya ce. "Ni ne. Na bari, amma ni ne."

Ta cire tabarau ta dube shi, ba tare da ɓata fuska ba.

"To, ɗana, mahaifiyarka za ta samu maganinta. Wannan ba zai hana ta ba. Amma ba a hannunka zan ba da shi ba. Ka kawo mini wani babba a gidan, in koya masa awo."

Ya koma gida hannu rabbana. Ya tarar da Yaya a tsakar gida tana wanke kofuna, ya tsuguna kusa da ita ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta ce ita fa ta riga ta gama magana.

"Na ji, Yaya. Abu ɗaya nake roƙonki. Kullum ni da matata muke juya Inna. Yau ki shiga ki juya ta da kanki. In kin fito kika ce a bari, na bari."

Ta goge hannu ta shiga. Yana tsugune ya ji ƙarar, irin wadda ke sa mutum ya toshe kunne, ya kuma ji Inna tana roƙon 'yarta ta ƙyale ta don Allah. Yaya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kai da bakinka ka gaya wa matar?" ta tambaya.

"Da bakina."

"Motar farko za mu bi."

Dattijuwar ta zaunar da Yaya kamar 'yar aji ɗaya, ta nuna mata yadda ake zuƙo maganin da sirinji mara allura a ɗiga a baki, da lokutan ba da shi, da alamun da in an gani a kira ta. Shi kuwa Auta da suka dawo ya shiga shago ya ƙera ɗan akwati da katako mai kauri, ya sa masa kwado, ya kafe shi da ƙusa a bangon ɗakin Inna. Ya miƙa wa Yaya makullan duka biyu. Ta ɗauki hutu a makaranta, ta kwaso kayanta ta tare a ɗakin.

Ranar farko Inna ta yi barci har da minshari. Da ta farka ta ƙare musu kallo ta ce, "Wai ku ba ku da aikin yi ne? Ku ba ni shayi." Yaya ta fita da gudu tana dariya tana share hawaye.

Ba a rasa ranar gwaji ba. Wata rana da hantsi an kira Yaya a waya, ta fita ta bar makulli a jikin kwado. Auta ya shigo da ruwan wanka, bayansa na masa zugi saboda ya wuni jiya yana ɗaukar katako. Inna na barci. Ya ga makullin, ya ji yawu ya taru masa a baki. Bai yarda ya matsa kusa ba, ko da sunan rufewa. Ya ajiye bokitin, ya ja da baya har tsakar gida, ya ɗaga murya.

"Yaya! Zo ki cire makullinki!"

Ta zo da sauri, ta cire, ta rataya a wuya. Da rana dai ita ta zuba masa abinci da hannunta.

Inna ta yi watanni bayan haka. Ciwon bai fasa cin jikinta ba, amma ta samu zama a kujera, an yi mata kitso, ta sasanta wasu jikokinta biyu da ba sa ga maciji, ta kuma yi wa kowa faɗa daidai gwargwado. Ta rasu da rana tsaka, cikin barci, 'ya'yanta na gefenta.

Da aka share makoki, Yaya ta nannaɗe sauran maganin a gyale, suka mayar wa dattijuwar tare. A hanyar dawowa ta ce masa rufin ajinta na yoyo, kuma shugabar makaranta na neman kafinta. Ya ce zai zo ya duba, amma fa ta sani shi ba ya yi wa 'yan'uwa ragi.